Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Tsokaci Kan Koyon Nutso A Ƙasar Kabi

'Yan'uwana ɗalibai, da ku samarin ma'aikata da kuka riga mu fita fagen aiki, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku na ɗan lokaci, don in yi magana a kan wani al'amari wanda na tabbata zai ba waɗansunku dariya da farko. Zancen nutso cikin kogo nake so in yi, wato irin nutson nan da akan yi a ƙasashen waje, inda mutum zai goya tulun iska a bayansa, ya riƙe fitila, ya shige ramin dutse mai cike da ruwa, ya yi ta tafiya cikin duhu har hasken rana ya ɓace masa. Wani zai ce, mu da ke fama da kuɗin makaranta da na abinci, ina ruwanmu da wasan masu ƙoshi? Ni ma haka na ce da fari. Daga baya na sake ra'ayi, kuma dalilin sakewar shi ne abin da na zo muku da shi yau.

A hutun da ya wuce wani yayana, wanda ke aikin nutso wurin masu haƙar man fetur a Kudu, ya zo ganin gida. Cikin kayansa na tsinci wani ɗan littafi da akan ba mai shirin shiga kwas ɗin farko na nutso cikin kogo, don ya nazarta kafin ranar farawa. Na ara, na riƙa dubawa cikin mota a hanyarmu daga Birnin Kebbi zuwa Argungu. Shafuffukan farko duk lissafin kaya ne da gargaɗi, ina karantawa ina murmushi. Da na iso babin da ya jera abubuwan da ke kashe masu wannan nutso sai murmushi ya ƙare, gama na ga an rubuta da Turanci abin da na taɓa ji daga bakin wani tsohon masunci a gaɓar gulbi, ina ɗan shekara 12.

A lokacin ruwa ya fara janyewa bayan damina. Akwai wani saurayi a unguwarmu wanda ba a yi kamarsa ba wajen daɗewa a ƙarƙashin ruwa, mu yara har ƙirga masa muke yi, mu gaji da ƙirga bai fito ba. Ran nan ya nutsa ya shiga wani lungu da ruwa ya ƙwaƙule ƙarƙashin gaɓa, tsakanin saiwoyin wata bishiya, inda manyan tarwaɗa ke laɓewa. Ashe akwai wani tsohon taru da ambaliya ta kawo ya sarƙe a saiwoyin. Muka ƙirga, muka ƙirga, shiru. Ƙanensa ya yi kururuwa ya faɗa ruwa, shi ma da ƙyar aka jawo shi da sauran numfashi. Sai da aka kirawo wani dattijo cikin masunta, ya ɗaura igiya a ƙugunsa, ya ba ƙarti biyu bakinta, ya soke wuƙa a ɗamara, ya shiga sau uku yana fitowa yana hutawa, sa'an nan ya fito da gawar. Jama'a suka ce kwana ya ƙare, kuma gaskiya ne, ba mai wuce ranarsa. Amma ina tsaye kusa da dattijon sa'ad da yake kwance igiyar, na ji ya ce wa wani a hankali, “Yaron nan ya shiga rami ba igiya, ba wuƙa, ba wanda ya san inda ya nufa. Mahaifinsa bai rayu ya gaya masa ba.”

Ra'ayina ke nan a taƙaice: ƙasar Kabi ba ta rasa jarumai a ruwa ba, abin da ta rasa shi ne tsarin da zai kai wa kowane saurayi abin da dattijon nan ya sani, ko mahaifinsa na da rai ko ba shi da rai. Masu nutso cikin kogo kuwa sun riga kowa gina irin wannan tsari, don haka ya kamata mu leƙa mu ga yadda suke shiri.

KOGI DA KOGO

A rubuce, bambancin kogi da kogo wasali ɗaya ne, a aikace ma ba su da nisa kamar yadda muke zato. Gaskiya ne ba a san kwarin Rima da kogwannin dutse masu cike da ruwa ba, irin na jihar Fulorida ta Amurka ko na yankin Yukatan a Meziko, inda ake zuwa daga ko'ina don koyon wannan fanni. To amma abin da ke sa kogo ya zama abin tsoro ga mai nutso shi ne rufin da ke tsakanin kansa da iska, yadda in abu ya ɓaci ba shi da damar miƙewa sama kai tsaye, sai ya koma ta inda ya shigo. In mun auna da wannan ma'auni za mu ga kogwanni sun kewaye mu. Jirgin ruwan da ya kife kogo ne. Motar da ta faɗo daga gada kogo ce. Haka kwalbatin da ke ƙarƙashin titi in damina ta cika shi, da ƙofofin madatsar ruwa, da lungun gaɓa irin wanda ya ci saurayin unguwarmu, da shimfiɗar kainuwa da burugu wadda in mutum ya taso ƙarƙashinta ba ya samun inda zai fid da hanci. Bugu da ƙari, abin da masu nutson kogo suka fi jin tsoro shi ne laka ta tashi ta rufe musu gani. Mu kuwa haka gulbinmu yake kullum da damina, in ka miƙa hannu a ciki ba ka ganin yatsunka.

GADON DA MUKE DA SHI

Kada wani ya zaci raina namu nake yi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Matan Fada ranar su, ya ga dubban masunta sun ruga cikin ruwa lokaci guda, kowa da homarsa da goransa, ya san Kabawa ba baƙin ruwa ba ne. Bikin da muke gani a yau ya samo asali ne daga 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka binne tsohuwar gabar da ke tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. A 2005 an fito da kifi mai nauyin kilo 75, da ƙarfin hannu da dabara kawai. Akwai Sarkin Ruwa, wanda sai da izininsa ake shiga, kuma akan hana su a wurin har shekara ta zagayo don kifi ya samu girma. Wannan doka ce, kuma ilimi ne. Ga kuma Kabanci, inda ake tseren kwale-kwale, da kamun agwagwar ruwa, da kamun kifi da hannu, da gasar wanda zai fi daɗewa a nutse.

Tambayata ita ce, in an watse daga biki, 'yan kallo sun koma garuruwansu, yaushe kuma muke tunawa da mutanen nan? Sai ran da aka yi hatsari. Ran 26 ga Mayu 2021 wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse a kogin Kwara kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski, waɗanda aka ceto da rai ashirin da 'yan kai ne kawai. A watan Agusta na 2025 wani jirgin mai zuwa kasuwar Goronyo ya kife a jihar Sakkwato, a kan wannan gulbi namu na Rima. A irin waɗannan ranaku masu nutso na gargajiya ake nema, su shiga da ɗan gajeren wando da numfashi guda, su yini suna lalube cikin duhu tsakanin katako da tarkace. In sun gama a ce musu sannu da aiki, Allah ya saka. Muna tafa musu sau ɗaya a shekara, muna aika su bakin mutuwa a sauran kwanakin, ba mu taɓa zama mun tambayi abin da zai sa su riƙa fitowa lafiya ba.

ABIN DA KWAS ƊIN KE NEMA

Bari in gaya muku yadda mai shirin kwas ɗin farko na nutson kogo yake shiri, ku auna da kanku. Da farko ba a karɓar mutum don ya ce shi jarumi ne. Sai ya riga ya sami takardar shaidar nutso a buɗaɗɗen ruwa, ya yi nutso da dama ya rubuta kowanne a littafinsa. Daga nan ya yi kwas na bakin kogo, inda ba a wuce iyakar hasken rana. Sa'an nan ne ake barinsa ya shiga wannan mataki na farko, wanda shi ma ba ya mai da mutum gwani, akwai na gaba da shi. Kafin ya tsoma ƙafa a ruwa sai ya cika takardar lafiya, in da hali likita ya duba zuciyarsa da huhunsa da kunnuwansa. Mai farfaɗiya ko mai ciwon sikila ba a yarda ya yi nutso da tulun iska ba, mai asma kuwa sai likita ya auna shi ya amince. Wannan magana ta sikila ta shafe mu ƙwarai, gama mun san yawanta a ƙasar nan.

Abu na gaba shi ne sarrafa jiki. Ana so ɗalibi ya iya tsayawa cik a tsakiyar ruwa, a kwance kamar tabarma, ba ya hawa ba ya sauka, ba ya taɓa ƙasa. Ana koya masa harbin ƙafa irin na kwaɗo, wanda ke tura ruwa baya maimakon ƙasa, don kada ya ta da laka. Yawancin darussan farko ma a tudu ake yin su. Malami zai ja igiya tsakanin itatuwa, ya ɗaure wa ɗalibai idanu, su bi igiyar da yatsu, kowa yana riƙe da hannun na gabansa, suna magana da matsa hannu kawai. Sai sun ƙware a tudu ake maimaitawa cikin ruwa da fitilu a kashe. Ana koya musu yadda za su ba juna iska ta doguwar tiyo mai kimanin mita 2, don su iya fita a jere ta wuri mai ƙunci. Ana koya musu abin da za su yi in igiya ta ɓace musu, da in abokin tafiya ya ɓace, da yadda ake yanke zare in ya sarƙe ƙafa, shi ya sa kowa ke ɗauke da abin yanka a inda hannu zai kai nan da nan.

Duk wannan kuwa a kan gawawwaki aka gina shi. A 1979 wani Ba'amurke mai suna Sheck Exley, malamin lissafi kuma gwanin nutson kogo a Fulorida, ya fitar da wani ɗan littafi bayan ya bi labarin waɗanda suka mutu a kogwanni ɗaya bayan ɗaya yana tambayar me ya kashe su. Ya gano kurakuran ba su da yawa, su ne dai ake ta maimaitawa. Daga bincikensa, da ƙarin da na bayansa suka yi, aka tsayar da ƙa'idoji 5 da kowane ɗalibi ke haddacewa. Kada ka wuce iyakar abin da aka koya maka. Kada ka shiga sai da igiya wadda ba ta yanke ba tun daga buɗaɗɗen ruwa. Ka raba iskarka kashi 3. Kada ka zarce zurfin da iskarka ta dace da shi. Ka riƙe fitila 3, in ɗaya ta mutu ka juyo. Exley kansa ruwa ya ci shi a 1994 a wani rami a Meziko, yana neman kai zurfin mita 300, wato ƙa'idar zurfi ba ta san gwani ba.

Ku dubi rabon iskar nan da kyau. In allurar tulunka ta nuna 210 a bakin kogo, da 70 za ka shiga, da ta sauko 140 sai ka juyo, ko da abin da kake nema yana gabanka kana hangensa. Da 70 za ka fito. Sauran 70 ɗin ba naka ba ne, ajiya ce ta ɗan'uwanka in tasa iskar ta yanke a can ƙurya. Ɗalibin matakin farko mai goye da tulu biyu ma kashi ɗaya cikin 6 kawai aka yarda ya shiga da shi. Akwai kuma wata doka wadda ta fi duk sauran burge ni: kowane mai nutso yana da ikon ya soke tafiya a kowane lokaci, bisa kowane dalili, ya ɗaga babban yatsa sama, kowa ya juyo, kuma ba mai tambayarsa ko yi masa gori. Ku kwatanta da halinmu na samari, inda kalmar “matsoraci” kaɗai ta isa ta tura yaro cikin gurbin da zuciyarsa ta gaya masa kada ya shiga.

KAYA BA ILIMI

Na san abin da zai fara zuwa zuciyar mai kuɗi ko mai mulki in ya ji wannan koke: a sayo kayan nutso a raba wa masunta, a ɗauki hoto. Ina roƙon ku, ku da za ku zauna a ofisoshin da ake rubuta irin waɗannan takardu, ku hana. Dalili yana cikin dokar Boyle da muka haddace a sakandare don cin jarrabawa. A bakin ruwa iska na danne jikinmu da wani nauyi da muka saba da shi har ba ma jinsa. Duk mita 10 da mutum ya nutsa, wato kamar ƙafa 33, ruwa kan ƙara masa kwatankwacin wannan nauyi guda. A mita 10 matsin ya zama ninki 2, a mita 30 ninki 4, shi ya sa tulun da zai yi maka sa'a guda a sama ba zai wuce minti 15 a mita 30 ba.

To ga inda hatsarin yake. Masuncinmu a sama yake shaƙar iskarsa, ta tsuke in ya nutsa, ta koma daidai yadda take in ya taso, ba abin da zai same shi. Amma wanda ya cika huhunsa daga tulu a zurfin mita 10, in ya riƙe numfashi ya taso, iskar za ta kumbura ta ninka, huhu ya yage, kumfa ya shiga jini ya toshe hanyar ƙwaƙwalwa. Wannan kan faru ko a ruwan da bai wuce mita 2 ba. Wato riƙe numfashi, wanda shi ne gwanintar da Bakabe ya gada yake alfahari da ita, shi ne zai kashe shi ranar da aka goya masa tulu ba a koya masa ba. Ga kuma iskar naitirojin, wadda kan sa maye in an kai wajen mita 30, kuma in an daɗe a zurfi aka taso da gaggawa takan yi kumfa cikin jiki kamar lemon kwalba da aka buɗe bayan an girgiza. Hatta injin da ke cika tulu, in an ajiye shi kusa da hayaƙin janareta, guba zai ɗura a ciki. Masu nutso da numfashinsu ma akwai abin da kimiyya za ta gaya musu: yawan jan numfashi da sauri kafin nutsawa yana jinkirta jin buƙatar iska ne kawai, ba ya ƙara iskar, sai mutum ya suma a ƙasa ba tare da wata alama ba. Duk mai shiga gasar daɗewa ya kamata ya san wannan.

DARASI DAGA WAJE

Ran 23 ga Yuni 2018 yara 12 'yan ƙwallo da mai horar da su suka shiga kogon Tham Luang a ƙasar Tailan, ruwan sama ya cika hanya ya tsare su. Ƙasar tana da sojojin ruwa jarumai, sun kuma yi iyakar ƙoƙarinsu. Amma waɗanda suka fara isa wurin yaran ran 2 ga Yuli Turawan Ingila ne guda biyu, Rick Stanton, tsohon ma'aikacin kashe gobara, da John Volanthen, masanin kwamfuta, waɗanda suka shafe shekaru suna nutson kogo don sha'awa. Daga 8 zuwa 10 ga Yuli aka fito da su 13 ɗin duka da rai, bayan wani likita ɗan Ostireliya, Richard Harris, wanda shi ma mai nutson kogo ne, ya yi musu allurar barci don kada su firgita a hanya. Cikin aikin wani tsohon sojan ruwa, Saman Kunan, ya rasu ran 6 ga Yuli yana dawowa daga kai tulunan iska. Abin da aka ɗauka wasan masu ƙoshi ne, shi ya mayar wa iyaye 'ya'yansu.

Ɗaya darasin ya fi ɗaci. A Janairun 2005 wani gwani mai suna Dave Shaw ya nutsa mita 270 a ramin Boesmansgat na Afirka ta Kudu don ya ɗauko gawar wani saurayi, Deon Dreyer, wanda ya mutu a wurin tun 1994. Igiya ta sarƙe shi, shi ma can ya cika. Shi ya sa malaman fannin ke bambanta ceto da ɗauko gawa. Mu mutane ne masu son a suturta mamaci da wuri, kuma hakan abu ne mai kyau. Amma in an tabbata wanda ke ƙasa ya riga ya cika, ba daidai ba ne dangi da 'yan kallo su matsa wa mai nutso ya koma cikin dare, ko cikin igiyar ruwa mai ƙarfi, ko bayan ya gaji. Gawa ɗaya ta isa gida ɗaya kuka.

MASU JA DA WANNAN MAGANA

Wani zai ce kakanninmu sun yi ba tare da kwas ba. Sun yi kwas mana, kwas mai tsawo ma, shekaru yaro yana bayan mahaifinsa a kwale-kwale. Wannan sarƙa ce ke tsinkewa, gama mu 'ya'yan mun taho makaranta, waɗansu sun koma noman shinkafa, waɗansu sun hau babur. Shi kansa bikin Argungu sai da ya yi kusan shekara 10 ba a yi ba kafin ya dawo a 2020. Ruwan ma ya sake hali tun da aka gina madatsar Bakolori a ƙarshen shekarun 1970, aka biyo da ta Goronyo. Kakanninmu ba su san tarun roba ba, wanda ba ya ruɓewa, yana nan a ƙasa shekara da shekaru yana jiran ƙafar mutum. Ba su san jirgi mai inji da ke ɗaukar mutum 100 da babura ba.

Wani zai ce ai mai nutso ba ya cika ceton kowa, kafin ya iso an riga an mutu. Wannan akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 in ba iska. Na yarda abin da ya fi ceton rai shi ne rigar kariya, da hana lodin da ya wuce kima, da hana tafiyar dare, da iya iyo, da sanin yadda ake farfaɗo da wanda aka tsamo. Amma hankalin da ke sa mutum ya juyo in allura ta kai 140 shi ne hankalin da ke sa direban jirgi ya ce ya cika, ba ya ƙara ko mutum ɗaya. Tarbiyya ɗaya ce. Wani kuma zai ce duk ƙaddara ce. Haƙiƙa ƙaddara gaskiya ce, amma malamanmu sun karantar da mu a ɗaure raƙumi sa'an nan a yi tawakkali, kuma dattijon nan da ya ɗaura igiya a ƙugunsa bai fi mu ƙarancin imani ba.

ABIN YI

Mu fara da kanmu. Mu nawa ne cikin masu karanta mujallar nan muka iya iyo na mita 200 ba tsayawa? Ina kira ga ƙungiyar ɗalibai ta kafa kulob na iyo da taimakon gaggawa, a nemo mata masu koyarwa don 'yan'uwanmu mata, gama mata da yara sun fi yawa cikin waɗanda ruwa ke ci a hanyar kasuwa da gona. A koya mana kuma illar tsargiya da ake ɗauka a ruwan fadama, don kada garin neman gira a rasa ido.

Sai aikin Exley, wanda ba ya bukatar tulu ko fitila, biro da takarda kawai. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da na jami'ar Aliero, da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, maimakon mu riƙa kwafe kundin waɗanda suka gabace mu, mu bi garuruwan bakin gulbi daga Augie zuwa Bunza har Yawuri, mu rubuta kowane hatsari: a ina, da wane lokaci, me mutumin ke yi, me ya riƙe shi. Mu zauna gaban tsofaffin masunta da ladabi, mu ɗauki abin da suka sani kafin su tafi da shi. Ku kuma samarin ma'aikata, ku buɗe wa wannan aiki fayil, kada ku bari ƙura ta binne shi.

Daga nan ina ba gwamnatin jiha, da masarautar Argungu, da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa shawara su haɗa kai su kafa makarantar nutso da ceto a Argungu. Sarkin Ruwa da dattawansa su zama malamai masu albashi da daraja, likita da malamin kimiyya su zauna kusa da su, a bi mataki mataki kamar yadda na bayyana, a fara da igiya tsakanin itatuwa kafin a kai ga tulu. Wanda ya gama a ba shi takarda, a sa shi cikin ma'aikatan agaji, in ya ji rauni a yi masa magani, in ya rasu a dubi iyalinsa. A ƙara gasar ceto cikin Kabanci, a ba wanda ya fi tsari kyauta daidai da wanda ya fi daɗewa, don yara masu kallo su ga cewa juyowa da rai shi ma abin yabo ne.

Masuncin da ya san aikinsa tun da sauran watanni yake fafe goransa, ya ɗinke homarsa, ya duba ko'ina ba ya yoyo. Ba ya jiran sai an buga bindigar shiga ruwa. Damina tana tafe, gulbi zai cika, jirage za su yi lodi kamar yadda suka saba, kuma akwai wani saurayi a wata unguwa wanda yara ke yi wa ƙirga yanzu haka, mahaifinsa kuma bai rayu ya gaya masa ba. Mu da aka kashe dukiyar talakawa aka ilmantar, nauyin gaya masa yana wuyanmu.

Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, ya tsare na raye, ya sa mu dace.